Ɗokin 'Yan Kallo Game da Jarumi: Daga Gatana Zuwa Zane Mai Motsi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yara suna kallon zane mai motsi, wato abin da aka fi sani da katun, musamman irin wanda ake nunawa kashi-kashi game da wani jarumi mai ƙarfin al'ajabi, zai lura cewa tambayoyinsu ba su cika wuce iri biyu ba. Ta farko ita ce, "Sai me ya faru?" Ta biyu kuwa ita ce, "Shi wannan ɗan wane ne, kuma a ina ya samo ƙarfinsa?" Tambayar farko ta shafi zaren labari, ta biyun ta shafi tauraro. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun waɗannan tambayoyi cikin tarihin adabin Hausa, domin a nuna cewa sun girmi talabijin nesa ba kusa ba, kuma abin da ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne mutumin da ke da ikon amsa su.

2.0 Jarumi a Dandali

A ƙasar Zamfara da Sakkwato akan kira tatsuniya gatana. Mai yin ta, kaka ce ko gwaggo, tana zaune ne a tsakiyar masu sauraronta, kuma ba ta fara ba sai sun amsa mata. Yaro yana iya katse ta ya tambayi dalilin da ya sa Dodo bai cinye yarinya nan take ba, ita kuwa ta ba shi amsa a wurin, ko da a lokacin ta ƙirƙiro ta. Ashe ke nan mai sauraro yana da hannu a ginin labarin.

Taurarin gatana, irin su Gizo da Ƙoƙi da Botorami, masu dawowa ne kullum. Gizo yakan sha kashi yau, gobe a same shi garau a wani labarin, ba kuma wanda zai tambayi yadda aka yi ya warke. Kowace gatana cin gashin kanta take yi, halin tauraro ne kawai ba ya sauyawa. Ana iya ganin haka a tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913.

Tambayar asalin ƙarfi kuwa ta fi fitowa a fagen maza, wato wajen mafarauta da 'yan tauri da 'yan dambe, waɗanda makaɗa irin su Kassu Zurmi da Ɗan Anace suka wasa. A nan ƙarfin jarumi yana da suna da sanadi: tauri mai hana ƙarfe kama jiki, da baduhu da layar zana masu ɓatar da mutum daga idon abokin gaba, da sagau mai sandarar da hannun da ya ɗaga makami. Idan namiji ya gagara, abin da jama'a kan tambaya shi ne wanda ya dafa shi, da gidan da ya gada. Bahaushe bai yarda ƙarfi yana faɗowa daga sama haka kawai ba, sai dai a ce gado ne, ko kuwa wani ubangida ne ya bayar.

3.0 Jarumi a Littafi

Littafi ba ya jin tambaya, balle ya amsa. Marubutan farko na ƙagaggun labarai sun gane wannan rashi, sai suka yi dabarar shigar da matambayin cikin labarin kansa. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, wadda aka buga littattafanta a 1934, Malam Bello Kagara ya fito da Ganɗoki. Jarumin ya gwabza da Turawa a zamanin da suka ci Kwantagora, sannan ya nausa gabas tare da ɗansa Garba Gagare, har ya shiga ƙasashen aljannu da dodanni. Abin lura shi ne yara ne yake ba wannan labari da bakinsa. Wato marubucin ya ɗauko dandali ya dasa shi a kan takarda.

Abubakar Imam ya ƙara gaba a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku daga 1937. A littafi na ɗaya, aku yana tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita daga fada ya auka cikin tarkon Waziri. A nan ɗokin jin labari ya zama igiyar da ta ɗaure yaro har ta ceci ransa. Wannan ita ce dabarar da masu shirin talabijin ke amfani da ita idan suka yanke kashi daidai inda jarumi ke cikin halin ƙaƙa-nika-yi.

Aron jarumi daga waje ma ya daɗe. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo tushe ne daga Iliya Muromets na tatsuniyoyin Rasha, wanda ya tashi a gurgunce kafin ya sami ƙarfi, sai aka mayar da birnin Kiyef ya zama Kib, sarkinsa kuma Waldima. A 1969 Umaru Dembo ya ɗaga yaro Kilba zuwa sararin samaniya tare da baƙo Kolin Koliyo a Tauraruwa Mai Wutsiya. Saboda haka lokacin da jarumin Amurka ya iso, ya tarar da mai karatu Bahaushe ya riga ya saba da gwarzon aro da kuma tafiya tsakanin taurari.

4.0 Jarumin Amurka da Masoyansa

Superman ya fara bayyana a mujallar zane cikin 1938, daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster, Batman ya biyo shi a 1939. A 1941 aka fara nuna Superman a zane mai motsi a gidajen silima. Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙaga a 1962, ya sami nasa shirin talabijin a 1967. Shirye-shiryen farko tsarin gatana gare su: kowane kashi yana ƙarewa da kansa. Daga baya, musamman da shirin X-Men na 1992, sai labari ya riƙa zarcewa daga kashi zuwa kashi, har wanda kashi ɗaya ya wuce shi ya rasa inda aka dosa. Wannan sauyi shi ya mayar da ɗan kallo mai bin diddigi.

Akwai muhimmin bambanci tsakanin wannan jarumi da na Hausa. Jarumin Hausa da kirari yake shiga fage: yana faɗin sunansa da na ubansa da na garinsa, domin a san wanda ya yi aikin. Jarumin Amurka kuwa galibi fuska yake rufewa, ko ya sauya kama, ya ɓoye sunansa ko ga maƙwabcinsa. Ƙarfinsa ma sau da yawa tsautsayi ne ko haihuwa a wata duniya, kamar cizon gizo-gizon da ya sauya Spider-Man. Don haka tambayar nan ta "ɗan wane ne", wadda kirari ke amsawa tun kafin a yi ta, ita ce sirrin da ake ja wa ɗan kallo rai da shi shekara da shekaru.

Kamfanonin sun mayar da wannan ɗoki jari. Sun buɗe shafin wasiƙun masu karatu, a 1988 kuma kamfanin DC ya nemi jama'a su buga waya su zaɓi ko Robin, yaron Batman, zai rayu ko zai mutu. Masu son ya mutu suka sami ƙuri'a 5,343, masu son ya rayu 5,271, aka kuwa kashe shi da ratar ƙuri'a 72. An ba mai karatu murya, amma sai wanda ke kusa da kamfanin, mai wayar da zai buga.

5.0 Isowarsa Ƙasar Hausa

An buɗe silimar Rex a Kano cikin 1937, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta riƙa yawo da majigi gari-gari. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977. Ta wannan kafa ce yaran birane suka san irin su Voltron. A gefen takarda kuwa, tsakanin 1975 da 1977 an buga mujallar Powerman domin kasuwar Nijeriya, mai baƙin jarumi, amma Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, su ne suka zana shi.

Duk waɗannan da Ingilishi suke. Yaron da ba ya jin harshen hoto kawai yake bi, sauran kuwa sai ya cike da hasashe ko ya tambayi wanda ya fi shi zurfi a boko. Ta haka aka sami sabon mai gatana, wato yaron da ya riga ya kalla, wanda yake zama yana warware wa 'yan'uwansa wane ne maƙiyi, wane ne ɗan'uwan wane. Wannan aiki ne ɗakunan fassara na Kano, irin su Algaita, suka mayar sana'a game da fina-finan Indiya, inda mai fassara kan sa wa taurari karin magana da ba'a irin na Hausa.

Wayar hannu ta kai kallo inda silima da talabijin ba su taɓa kaiwa ba. A karkara, hanyar da aka fi samun fim ita ce shagon masu turawa a katin waya. Shirin da aka tsara a bi shi daki-daki yakan iso a yayyanke, kashi na bakwai ya riga na uku. Ɗokin yaron ƙauye ya fi na ɗan birni ƙarfi ke nan, amsarsa kuma ta fi nisa.

6.0 Wane Jarumi, Wane Abokin Gaba?

Wasu al'ummu sun yi yunƙurin amsa wa 'ya'yansu da kansu. A 2006 Naif Al-Mutawa na Kuwait ya ƙaga The 99, jarumai masu siffofi da aka ɗauko daga ma'anonin sunayen Allah kyawawa, abin da ya jawo masa fatawar haramci daga malaman Saudiyya a 2014. Darasin a fili yake ga duk mai son yi wa Musulmi irin wannan zane: tambayar tushen ƙarfi tambaya ce da ta taɓa aƙida. A Pakistan, shirin Burka Avenger na 2013 ya nuna malamar makaranta mai yaƙar masu son rufe makarantar 'yan mata, makamanta littafi da alƙalami. A Nijeriya, Roye Okupe ya gina Malika bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, aka mayar da ita gajeren zane mai motsi a 2019, sai dai da Ingilishi take magana.

Idan aka juyo yammacin Zamfara, za a ga cewa abokin gaba ba sai an ƙago shi ba. A 2010 aka gano cewa gubar dalma, daga duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, tana kashe ƙananan yara a Dareta ta ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da wasu ƙauyuka. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka yi wa dubbai magani. Wannan maƙiyi ba shi da fuska, ƙura ce kawai a tafin hannun yaro. Na'urar ɗaukar hoto ba ta iya nuna yadda take shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa, amma alƙalamin mai zane yana iyawa.

Sai dai akwai hattara. Jarumin da aka ƙera don faɗakarwa zalla, marar aibi, marar sirri, ba ya tayar da tambaya, kuma wanda ba a tambaya a kansa ba a jiran dawowarsa. Gizo ya daɗe a bakin yara ne saboda haɗamarsa da tsamin bakinsa, Iliya kuma saboda an fara ganin sa a gurgunce. Saƙon lafiya ko na ilimi yana isa ne idan yaro ya damu da makomar wanda ya ɗauko shi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda tambayoyi biyu, ta zaren labari da ta asalin tauraro, suka ratso gatana da littafi da allon talabijin har zuwa wayar hannu. A dandali mai amsawa yana zaune kusa da mai tambaya. A littafi marubuci ya sa matambayin a cikin labari. A zane mai motsi kuwa mai amsawa ya koma wata ƙasa, yana magana da wani harshe. Kayan aikin cike wannan giɓi suna nan jibge: Ganɗoki da Iliya da Kilba, da 'Yargoje ta Zamfara, da Amina ta Zazzau, da ɗimbin kirarin maza. Ya rage ga sassan koyar da Hausa su fara nazarin abin da yara ke faɗa wa juna bayan kallo a matsayin adabin baka na wannan zamani, su kuma haɗa kai da masu zane, domin yaron Dareta in ya tambayi ɗan wane ne wannan jarumi, a iya ba shi amsa da sunan gari da na gida waɗanda ya sani.