Awon Albarushi: Daga Tondibi Zuwa Bakin Kogin Gaya

A shekarun da na yi ina koyarwa a nan Gaya, akwai ranar da ba na mantawa da ita. Bayan hutun Babbar Salla wani ɗalibina ya dawo aji da hannun dama a naɗe, ya rasa yatsu biyu. Ya ɗauki bindigar tokar kakansa a ɓoye, ya farke harsashin zamani ya zazzage garin da ke ciki ya ɗura mata, wai don ta fi ta abokansa ƙara. Bindigar ta fashe a hannunsa. Da na je gaishe su, tsohon bai zagi yaron ba, kansa ya zarga, ya ce ya nuna masa yadda ake harbi amma bai koya masa awo ba. Wannan magana ita ta sa na koma na bi tarihin albarushi a ƙasarmu.

Mu mutanen Dandi mun daɗe da sanin ƙarar bindiga. A shekarar 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, ƙarƙashin Judar Basha, ta ƙetaro hamada ta haɗu da mayaƙan Askiya Ishaƙ na Biyu a Tondibi, kusa da Gao. Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma Marokawa na da bindigogi. Har garken shanu aka kora musu don a tarwatsa sahunsu, sai ƙarar harbi ta firgita shanun suka juyo kan masu su. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka gangaro kudu ta bakin Kwara zuwa Dandi, inda Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙar Marokawa. A nan bindiga ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta: daji, damina, zazzaɓi, da nisan hanyar kawo albarushi.

A gabas kuwa, a wannan ƙarni dai, Mai Idris Aloma na Borno ya samu 'yan bindiga Turkawa, kamar yadda limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Duk da haka doki da mashi da baka su suka ci gaba da riƙe fagen fama. Baturen nan Kilafaton, da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, bindigogi ƙalilan ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa. Dalili shi ne albarushi na da tsada, kuma ɗuri na cin lokaci. Sunan "harbi ka ruga" ma ya isa shaida.

To yaya maharban da suke auna albarushi? Da ido da yatsa. Wasu na da ɗan ƙaho ko ɗan kara da aka yanke daidai cikin bindigarsu. Wasu kuma sai sun ɗura, su zura sandar ɗuri, su duba yatsu nawa ta rage a bakin bindiga. Ɗurin zabo daban, na gada daban, na ɓauna daban, kuma wanda ake yi don ƙara kawai a hawan Salla shi ma daban. Maharbi na gaske ya san tsufan ƙarfen bindigarsa, ya san inda maƙeri ya yi mata faci. Wannan awo na yatsa ya yi aiki ne saboda baƙin albarushi ba ya da zafin rai sosai, ƙaramin kuskure ba kullum yake zama ajali ba.

Abubuwa sun sauya a 1884, lokacin da Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi. Bayan shekara biyu sojan Faransa suka samu bindigar Lebel mai aiki da shi. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka zauna a Birasils suka amince a hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar mana tsofaffin na ƙanƙara da baƙin albarushi. Sakamakon haka mun gan shi a nan jiharmu ta Dosso, sa'ad da rundunar Bule da Shanuwan ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a 1899. Haka aka gani a Kano da Sakkwato a 1903. Tun daga lokacin albarushi iri biyu ke yawo a kasuwanninmu, daga Malanbil zuwa Kamba, kuma da yawa ba su san bambancinsu ba. Sabon ya fi tsohon ƙarfi ninkin ba ninki, kuma bindigar da maƙerinmu ya ƙera ba a yi ta don ɗaukar matsinsa ba.

Dubi yadda waɗanda suka ƙera shi suke jin tsoronsa. A Amurka akwai masu wasan harbin bara da ƙaramar bindigar hannu mai juya ciki, irin wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836. Da yawansu da kansu suke sake cika kwankon harsashi a gida. Su ba ƙarfi suke nema ba, ɗuri mai laushi suke so, don kada bindiga ta fizge hannu harsashi ya kauce. Ba sa auna wannan albarushi da yatsa, sai da sikeli, da ma'aunin da suke kira giren, wanda sai an tara kusan 15 da rabi ake samun giram ɗaya. Sukan ɗauki adadin daga littafin da masana'anta ta buga bayan gwaji, su fara daga mafi ƙanƙanta, su riƙa rubuta abin da suka gani.

Akwai wani abin lura a nan. Sanannen harsashinsu na wannan wasa, .38 Special, kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a 1898 don baƙin albarushi, shi ya sa kwankonsa ke da zurfi. Sabon albarushi ɗan kaɗan yake kwanciya a ƙasansa, har mutum na iya zuba awo biyu bai ankara ba, bindiga ta tarwatse. In kuma ya yi kaɗan ƙwarai, dalma ta maƙale a bututu, harbi na biyu ya iske ta. Ke nan yawa haɗari, ƙaranci ma haɗari. Shi ya sa ake horonsu da su leƙa kowane kwanko kafin su rufe shi, kuma kada su yi aikin suna hira.

Tsohon maharbin Dandi da ɗan ƙahonsa, da Ba'amurke da sikelinsa, abu guda suka sani: ba a ba mutum wuta sai ya san gwargwado. A da yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa jaka da gora kafin a bar shi ya taɓa kunamar bindiga. Yanzu farauta ta ja baya, gandun dajin W da ke maƙwabtaka da mu ya zama wurin da doka ta kare, maharba sun tsufa, amma bindigoginsu na nan a rataye a ɗakuna. Mun gaji ƙarfen, ilimin da ke tafe da shi kuwa yana bin masu shi kabari.

Don haka iyaye, in akwai irin wannan bindiga a gida, a raba ta da albarushi, a kulle kowanne daban, a kuma tabbata hukuma ta san da ita. Malamai kuma, idan mun zo darasin Tondibi ko na Sarauniya Mangu, mu ƙara minti biyar mu gaya wa yara cewa garin harsashin zamani ko kan ashana ba abin zubawa a bindigar toka ko bututun wasa ba ne, musamman gab da Salla da lokacin bukukuwa. Mu gayyaci tsofaffin maharba su zo aji su yi bayani da bakinsu tun suna raye. Ɗalibin nan nawa ya koyi rubutu da hagu, ya kuma gama makaranta, amma ba na fatan wani yaro ya sake biyan irin wannan kuɗin karatu. Allah Ya tsare mana zuri'a.