Mai Binciken Sirri Mai Zaman Kansa: Yadda Ake Gane Amintacce

Mai binciken sirri mai zaman kansa shi ne wanda ake biya domin ya gano gaskiyar wani lamari, kamar sahihancin takardun fili ko maɓoyar wanda ya gudu da bashi. Ba ɗan sanda ba ne, don haka ba shi da hurumin tsare mutum ko binciken gida.

Tun ba a ba shi kafin alƙalami ba, ya kamata a duba rajistar kamfaninsa a shafin Hukumar CAC, a kuma rubuta yarjejeniya kan aiki da lada. Wanda ya yi alƙawarin satar sauraron wayar wani kuwa abin gudu ne: sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin zancen waya, kuma shari'ar na iya haɗawa da wanda ya sa shi aikin.