Keke da Lungunan Birnin Kano: Hanyar da Mota Ba Ta Taɓa Mallaka Ba

A shekarar 1997 hukumomin wani yanki na karkarar Faransa suka ɗauki tsohon layin dogo da jirgi ya daina bi, tsakanin garin Givry da garin Cluny, suka shimfiɗa masa kwalta mai tsawon fiye da kilomita 40, suka ce daga ranar ba mota ba babur, sai mai keke da mai tafiya a ƙasa. Abin ya karɓu. A 1998 gwamnatin ƙasar ta fitar da tsarin irin waɗannan hanyoyi na ƙasa baki ɗaya, a 2004 kuma aka shigar da su cikin dokar hanya. Yau mutum na iya hawa kekensa ya ratsa ƙauyuka da gonakin inabi, ko ya bi gefen magudanar ruwan Midi da aka haƙa tun ƙarni na 17, ta turbar da dawakai ke bi a dā suna jan jiragen ruwa, ba tare da wani ya danna masa ham a baya ba.

Sai da Faransawa suka zuba kuɗi suka kafa doka kafin su sami wannan. Mu a cikin birnin Kano gadonsa muka yi. Wanda ya san gari zai iya tasowa daga Yakasai ya ɓulla Kurmi, ya zarce Koki ko gindin Dala, mafi yawan tafiyarsa ta lungunan da mota ba ta iya sa kai. Tarihin yadda keke ya sami gida a waɗannan lunguna, da yadda aka yi ta ture shi gefe, ya cancanci a ba da shi.

Lungu ya girmi keke da ɗaruruwan shekaru. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi. Daga kowace ƙofa, Mazugal ce ko Kansakali, Kabuga ko Ƙofar Mata, akwai turbar da ta nufi kasuwa da fada. Tsakanin manyan turbobin nan kuwa sai unguwanni suka tsiro, kowa ya ja katangarsa ya bar ɗan sarari tsakaninsa da maƙwabci. Ma'aunin sararin shi ne jaki da mangalarsa, ko doki da mahayinsa, ko mutanen da suka ɗauko makara. Ba wanda ya zauna ya zana shi a takarda, amma akwai hikima a ciki: katangun ƙasa masu tsayi suna ba da inuwa yawancin yini, kwanar lungu tana karya iskar hunturu, baƙo kuma ba ya ratsawa ba a gan shi ba. Jakuna ke fita da takin birni zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace da hatsi. Haka zirga-zirgar ta kasance har Turawa suka shigo ta Ƙofar Kabuga a watan Fabrairun 1903.

A lokacin keke irin wanda muka sani yaro ne ƙwarai. A 1885 aka ƙera mai tayoyi biyu daidai wa daida da kaca a Ingila, a 1888 aka samar da tayar da ake hura wa iska. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kamfanonin Turawa irin su John Holt da Niger Company suka kafa kantuna a wajen ganuwa. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fatu Ikko shi ke dawowa da atamfa da kwanon rufi da fitilar ƙwai, cikin kayan har da keke. Da farko abin masu albashi ne: malaman En'e, masinjoji, akawu, malaman makaranta, dillalan gyaɗa. Daga baya ya sauko hannun manomin da kakarsa ta yi kyau.

Dalilin da ya sa keke ya zauna daram a birni ba ɓoyayye ba ne. Cikin abubuwan hawan da Bature ya kawo, shi bai nemi a rushe wa kowa zaure ba. Inda jaki ya wuce, keke zai wuce. In an iso kwata sai a ɗaga shi a tsallake, in dare ya yi a jingine shi a soro. Ba ya cin harawa, ba ya shan mai. Ƙasar Kano kuma shimfiɗaɗɗiya ce, in ka cire Dala da Gwauron Dutse babu hawan da zai sa mutum haki. Shi ya sa ɗan Kura ko Gezawa ko Dawakin Tofa zai yi asubanci ya ɗaure kayansa a kariya, ya ci kasuwa a Kurmi, ya koma gida ya yi magariba.

Sana'o'i suka taru a kansa. Ga mai faci da bokitin ruwansa yana neman inda tub ya huje, ga mai ɗaurin sifok, ga mai sayar da kayan gyara. Ga kuma mai hayar keke, wanda a hannunsa yaran birni da yawa suka koyi tuƙi, suna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda sirdi ya fi ƙarfinsu. Hukumar En'e ma ba ta bar shi haka ba, ta sa masa lasisi, 'yan doka suna tare wanda bai biya ba. A cikin samfurori Raleigh ce sarauniya, har ta kai kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Mai sabuwar Raleigh yakan naɗe ta da leda, ya sa mata madubi da fitilar dinamo, ya riƙa kaɗa ƙararrawa tun daga bakin lungu don a san wanda ke tafe. Bayanta Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya suka zo da sauƙin kuɗi.

Mota kuwa tun shigowarta da sharaɗi ta zo: a buɗe mata. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953) aka fasa ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa a 1937, aka miƙe wasu manyan tituna a cikin gari. Wannan bai dami mai keke ba, don motocin ƙalilan ne. Abin da ya juya al'amari shi ne kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman ƙarin albashin Udoji a tsakiyarsu. Ma'aikacin da jiya yake alfahari da Raleigh ya sayi Honda ko Vespa, na sama da shi ya hau Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Nan ne keke ya fara zama shaidar rashi a idon jama'a. A ganina wannan sauyin tunani ya fi kowace gada ko titi yi wa keke illa, domin wanda aka raina ba a yi masa tanadi.

Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, sai acaɓa ta cika gari. Babur shi ne injin farko da ya iya bin keke har cikin lungu, ya shiga da gudunsa da hayaƙinsa a inda yara ke wasa, tsofaffi ke zaune a dakali. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku da aka fi sani da Adaidaita Sahu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa, adaidaita ta gaje titi. Ana cikin haka ana ta faɗaɗa hanyoyi: a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don titi ya wuce, daga baya gadar sama ta tsaya a Ƙofar Nasarawa. An yi wa mota duk abin da ta nema. Mai keken da ya fito daga lungu zai tsallaka babban titi kuwa, ransa a hannunsa yake.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya fi ƙarfin mutane da yawa, kekunan da aka jingine suka fara fitowa, masu gyara suka sake samun aiki. Ɗalibi da ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci sun dawo kan feda, amma sun tarar da garin da aka sake wa fasali ba tare da an tuna da su ba.

Rufe hanya ga mota ba baƙon abu ba ne a Kano. Duk shekarar da aka yi Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, tituna sukan koma hannun dawakai da masu tafiya a ƙasa, ba wanda ya ce an tauye shi. Ita ma ganuwa, wadda tun 2007 take jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, tana ta zaizayewa, ana gini a kanta, ana zuba shara a gindinta. Da za a share abin da ya rage na gefenta a yi siririyar hanyar keke da ƙafa daga ƙofa zuwa ƙofa, da an kare ta daga masu cin iyaka, an kuma ba 'yan makaranta hanyar da iyaye za su saki jiki da ita.

Kirana ga gwamnatin jiha da masarauta da masu unguwanni shi ne a gyara magudanun lunguna, a daɓe su, a kafa turaku a bakinsu yadda adaidaita ba za ta kutsa ba, a taka wa babur birki a cikinsu. A manyan titunan da suka ratsa birni kuma a ware wa keke gefensa, a yi masa wuraren tsallakawa, a sa jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, su tsare masa su.