Hanyar da Aikin Buga Takarda ke Bi da Tasirinta ga Tsarin Sadarwar Rassan Ofis

Tsakure

Ma'aikatu masu rassa da yawa sukan tara manhajojinsu a cibiya ɗaya, ma'aikacin reshe ya riƙa ganin hoton allo kawai ta layin sadarwa. Wannan maƙala ta duba halin da layin ke shiga idan aka tura takarda firinta. An dogara da lissafin girman shafi da na jerin gwanon bayanai, tare da nazarin yadda ƙa'idojin ICA ta Citrix da RDP ta Microsoft suke aiki. An nuna cewa wurin da ake sarrafa shafi da matsayin da aka ba shi a kan layi sun fi faɗin layin tasiri.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin Citrix ya fitar da WinFrame a 1995, Microsoft kuma ya biyo da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition a 1998. Dabarar duka ɗaya ce: manhaja tana gudana a uwar garke da ke cibiya, daga reshe ana aika bugun haruffa da motsin linzami, cibiya kuma ta mayar da abin da ya sauya a kan allo. Wannan ya rage wahalar kula da kwamfutoci, ya kuma killace bayanai wuri ɗaya. Bankunan Nijeriya misali ne na kusa. Bayan haɗewar da ta mayar da su 25 daga 89 a ƙarshen 2005, rassa masu nisa sun dogara ga cibiya guda, wasu ta tauraron ɗan'adam, har "babu netwok" ta zama amsar da kowane mai asusu ya sani.

Amma akwai abu ɗaya da ba ya tafiya cibiya, wato firinta. Takarda a reshe ake buƙatarta, a hannun mutumin da ke tsaye gaban kanta. Masu tsara layi sukan ƙidaya ma'aikata, su ninka da abin da allon kowanne ke ci, su sayi layi daidai wannan. Firinta sai daga baya ake tunawa da ita, kuma nan gizo ke saƙar.

2.0 Nauyin shafi guda

Shafin A4 yana da faɗin inci 8.27 da tsawon inci 11.69. Idan aka mayar da shi ɗige-ɗige 600 a kowane inci, za a sami ɗige kusan miliyan 34.8. Da baƙi da fari, bit ɗaya ga kowane ɗigo, shafin ya haura megabayit 4. Da cikakken launi, bit 24 ga kowane ɗigo, ya haura megabayit 100 kafin a matse shi. Direbobi suna matsewa, rubutu zalla kuma ba ya kaiwa haka, amma takardar da aka ɗauki hotonta da sikana ko mai ɗauke da taswira takan kumbura ta ninka ainihin fayil ɗinta.

A ɗauka reshe yana kan layin E1, mai gudun megabit 2.048 a daƙiƙa. Aikin bugawa na megabayit 20 zai riƙe layin baki ɗaya na kimanin daƙiƙa 78. Jiran takardar ba shi ne babbar illa ba, domin mutum yana iya haƙurin minti ɗaya. Illar tana kan sauran ma'aikata. Ƙa'idar TCP ba ta da kawaici, tana ƙara gudu har sai ta cika duk ma'ajin da ke gabanta. Idan ma'ajin rauta yana ɗaukar kilobayit 256, to a kan wannan layin duk ƙunshin da ya zo ya tarar da shi cike zai yi jiran kusan daƙiƙa ɗaya. Sabon hoton allo, wanda bai taka kara ya karya ba, sai ya bi bayan wannan jerin gwano. Tun 1968 Robert Miller ya nuna cewa amsar da mutum ke ji kamar nan take ita ce wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ke nan mutum ɗaya ya tura rahoto, mutum ashirin su ga haruffansu suna jan ƙafa, kuma babu wanda zai zargi firinta.

Ƙara faɗin layi yana gajarta lokacin cunkoson, amma ba ya hana shi aukuwa. A kan tauraron ɗan'adam ma abin ya fi muni. Tauraron da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 yana sa saƙo ya yi kusan rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, ko da layin fayau yake. Wannan jinkiri kuwa, kuɗi ba ya sayen maganinsa.

3.0 Hanyoyin da aikin ke bi

Hanya ta farko ita ce aikin ya biyo cikin zaman ma'aikacin, ta tashar 1494 ta ICA ko 3389 ta RDP, ya sauka a kwamfutarsa, ita ta sarrafa shi ta miƙa wa firinta. Direban gama-gari na Citrix da kuma Easy Print da ya zo da Windows Server 2008 duk a kan wannan tunanin aka gina su. Abin da ke ratsa layi shi ne bayanin shafin a matse, ba ɗige-ɗigensa ba, uwar garke kuma ta huta da tarin direbobin kamfanoni daban-daban, waɗanda guda ɗaya marar kyau ke iya durƙusar da bugawar kowa. Sharaɗinsa shi ne na'urar reshe ta iya sarrafa shafin, abin da wasu ƙananan na'urori marasa Windows ba sa iyawa yadda ya kamata.

Ta biyu, uwar garken bugawa tana cibiya, ta gama sarrafa shafin zuwa PCL ko PostScript, ta jefo shi kai tsaye zuwa tashar 9100 ta firinta. Ita ce mafi sauƙin kafawa, kuma ita ce mafi nauyi. Idan kwamfutocin reshe su ma ta nan suke bugawa, aikin zai ratsa layin sau biyu, ya je cibiya ya dawo, alhali firintar tana taku biyar daga mai turawa.

Ta uku ita ce a ajiye uwar garken bugawa a reshe. A ido ta yi kama da mafita, sai dai akwai tarko. Tun daga Windows Vista, ƙa'idar asali ita ce kwamfutar da ta tura aiki ita ke sarrafa shi, kuma a wannan tsarin mai turawar tana cibiya. Idan ba a sauya wannan saitin ba, an sayi na'ura, an ƙara wa janareta nauyi, shafin kuma ya ratso layi a kumbure kamar da. Haka abin yake ga Branch Office Direct Printing na Windows Server 2012. An yi shi ne domin kwamfutocin da ke zaune a reshe, kuma yana musu amfani ƙwarai, amma bai rage wa manhajar da ke cibiya komai ba. A ganina, yawancin kurakuran wannan fage daga nan suke: ana karanta kalmar "mai turawa" a takardun kamfani ba tare da tambayar a wane gari take ba.

4.0 Fifiko a kan layi

Tsarin DiffServ na 1998 ya ba rauta damar fifita wasu ƙunshi a kan wasu. Amma idan allo da bugawa suna cikin haɗin TCP guda, rauta abu ɗaya take gani. Shi ya sa Windows Server 2008 ya raba faɗin layin daga cikin zaman, kashi 70 ga allo, 30 ga sauran, Citrix kuma a 2011 ya kawo damar raba zama zuwa haɗi huɗu masu fifiko daban-daban. Aikin da ya bi ta 9100 yana da sauƙin ganewa, don haka yana da sauƙin ƙayyadewa. Ƙayyadewar kuma a bakin fita daga cibiya ake yin ta, ƙasa kaɗan da gudun layin reshe, domin jerin gwanon ya taru a na'urar da muke da iko a kanta. Abin da ya riga ya iso reshe ya gama cin layi.

Tsaro ma ya shigo lissafin. Bayan ɓarakar PrintNightmare ta 2021, Microsoft ya mayar da saka direba aikin mai ikon gudanarwa kaɗai, wanda hakan ya ƙara tsadar duk tsarin da ya dogara ga direbobi barkatai.

Ga reshen da layinsa ƙarami ne ko mai jinkiri, hukuncin wannan maƙala shi ne a sarrafa shafi a reshe, a ratso da shi a matse, a kuma sa masa iyaka daga cibiya. Sai an yi waɗannan ukun ne ya dace a kai wa shugabanni takardar neman ƙarin layi.