Manyan Tekunan Duniya Biyar: Girmansu, Zurfinsu Da Tasirinsu

Ruwan teku ya rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma a cikinsa ne kusan kashi 97 cikin 100 na dukkan ruwan duniya yake. A haƙiƙa ruwan a haɗe yake, babu wata katanga da ta raba shi. Masana labarin ƙasa ne suka kasa shi gida biyar bisa nahiyoyin da ke kewaye da shi: Fasifik, Atlantika, Indiya, Tekun Kudu da Aktik.

Fasifik shi ne babba. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 165, wato ya fi dukkan busasshiyar ƙasar duniya idan aka haɗa ta wuri guda. A yammacinsa ne ramin Mariana yake, wuri mafi zurfi da aka sani, mai zurfin kusan mita 11,000. Da za a jefa tsaunin Everest mai tsawon mita 8,849 a ciki, da ruwa ya shanye shi har da rarar kusan kilomita biyu. A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka fara isa ƙasan ramin. Sunan tekun, wanda matuƙin jirgin ruwa Ferdinand Magellan ya raɗa masa a 1520, yana nufin mai lumana. Sai dai sunan bai dace da halinsa ba, domin gefunansa ne suka fi ko'ina yawan girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta, kamar yadda Japan ta shaida a 2011.

Atlantika ne na biyu a girma, kuma shi ne ya fi shafar mu. Gaɓar Najeriya mai tsawon kimanin kilomita 853 tana bakinsa ne, a Mashigin Tekun Gini, inda Kogin Neja yake juye ruwansa. Masana sun tabbatar cewa Afirka da Kudancin Amurka a da a manne suke, kafin ƙasa ta tsage ruwa ya cike gurbin. Kwarin Binuwai reshe ne na wannan tsagewar da bai ƙarasa buɗewa ba. Har yanzu tekun yana ƙara faɗi da 'yan santimita kowace shekara, daga wani dogon jerin tsaunuka da ke kwance a tsakiyarsa ƙarƙashin ruwa. Manomin Katsina ko Maraɗi da bai taɓa ganin teku ba, da shi yake noma: iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko danshi daga Atlantika ta kawo damina, idan ta ja da baya kuma iskar hunturu daga Sahara ta maye gurbinta.

Tekun Indiya ya fi sauran ɗumi. Iskarsa tana sauya alƙibla sau biyu a shekara, abin da ya ba 'yan kasuwar Larabawa da Indiya damar zuwa gaɓar Gabashin Afirka su koma cikin jiragen filafilai tun ɗaruruwan shekaru. Bahar Maliya, wadda alhazanmu na da suke tsallakawa daga Sudan zuwa Jidda, reshensa ce, kuma Mashigin Suez da aka buɗe a 1869 ya haɗa ta da Bahar Rum. A wannan teku ne igiyar tsunami ta 26 ga Disamba, 2004 ta hallaka mutane sama da 220,000.

Tekun Kudu yana kewaye da nahiyar Antatika, kuma ba kowane tsohon littafin makaranta ne ya lissafa shi ba. Aktik, a can ƙuryar arewa, shi ne ƙarami kuma mafi ƙarancin zurfi. Ƙanƙarar da ke rufe shi tana raguwa.

A matsakaici, kowane kilogiram na ruwan teku yana ɗauke da gishiri gram 35, shi ya sa ba ya shayuwa kuma ba a ban-ruwa da shi sai an tace. Ƙananan tsirran da ke yawo a samansa su ke samar da kusan rabin iskar oksijin ta duniya. Teku kuma ya shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ta haifar. Ruwa idan ya yi zafi yakan kumbura, ga kuma ƙanƙarar kan tudu da ke narkewa, don haka tsayin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun daga 1900. Ga birni kamar Legas, wanda yawancinsa bai ɗara teku tsayi sosai ba, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon mallakar mil 12 na ruwa, da haƙƙin cin gajiyar kifi da man fetur har zuwa mil 200. Ta kuma amince wa ƙasashen da ba su da gaɓa, irin su Nijar da Chadi, haƙƙin kaiwa ga teku ta cikin ƙasashen maƙwabtansu.