Tarho Mai Ɗan Kwaɗo

Kwanan baya wani matashin marubuci ya kawo mana littafinsa mu duba kafin ya kai maɗaba'a. Labarin a Daura ya faru, cikin 1988, amma sai ga jarumin kwance a ɗakinsa yana hira da budurwarsa ta waya har kiran assalatu. Muka yi dariya, daga baya kuma muka ga ba laifinsa ba ne. Bai taɓa zura yatsa a ramin tarho ya murɗa ba.

To, ga yadda abin yake. Akwati ne mai nauyi, baƙi ko ruwan toka, a fuskarsa da faifai mai ramuka goma. Kowace lamba sai ka ja ta har yatsanka ya daki ɗan ƙarfen da ke gefe, ka saki, faifan ya koma a hankali yana ƙirrr. Komawar nan ita ce saƙon: tana katse wutar layin sau adadin lambar, sifiri kuwa sau goma. Saboda haka mai neman Kano, da zai fara da 064, ko Kaduna da 062, tun daga sifirin farko zai soma koyon haƙuri. In ya kuskure lambar ƙarshe, sai ya koma farko. Na'urar da ke haɗa layukan ba tare da ma'aikaci ba, wani Ba'amurke ne mai sana'ar binne gawa, Almon Strowger, ya yi rajistarta a 1891.

Amma nawa ne cikinmu suka mallake shi? A 1960 layukan Nijeriya duka ba su kai 19,000 ba. An kafa NITEL a 1985, Daura tana cikin Jihar Kaduna, domin sai 1987 aka yanke Jihar Katsina. Duk da haka, zuwa 2001 layukan ba su wuce wajen 400,000 ba, ga mutane sama da miliyan 100. Mu da muka tashi a Kusugu muna jin labarin macijin da ya hana ɗibar ruwan rijiya sai ranar Juma'a, ba mu yi mamakin abin da sai an jira ba. Tarho na ofisoshin hukuma ne, da banki, da gidajen 'yan attajirai ƙalilan.

Gidan da ke da shi kuwa ya zama gidan unguwa. Ɗan'uwa zai bugo daga Legas ya ce, "Don Allah Alhaji, a kira mini Inna, zan sake bugowa bayan la'asar." A tashi yaro da gudu. Inna ta yafa mayafi ta zo ta zauna a zaure tun azahar, wani lokacin har magariba shiru, ko ruwan sama ya kashe layin. In an dace, sai ta yi ta ɗaga murya kamar Legas ɗin za ta jiyar da bakinta, maigida da baƙinsa duk suna saurare. Haihuwa, rasuwa, saukar alhazai, a gaban jama'a ake jin su, kuma nan take a sami masu barka ko masu ba da haƙuri. Wannan ne muke kewa, ba layin da kan yi wata guda a mace ba.

Maigida kan sa wa faifan ɗan kwaɗo don tsoron kuɗin wata. Yara masu wayo suka gano cewa in aka ƙwanƙwasa maɓallin da ake ɗora kan tarhon da sauri, sau adadin lambar, kira na tafiya. Sai dai wa zai yi zancen soyayya a zauren Alhaji? Shi ya sa littattafan soyayyarmu na wancan zamani suka cika da wasiƙu da ƙannen da ake aike.

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, cikin 'yan shekaru aka tura tarhon ƙarƙashin gado. Har yau dai muna cewa "buga waya", kalmar da muka gada tun zamanin tangaraho, muna kuma kiran inda ake kai wasiƙa "gidan waya".

Matashin nan ya koma ya gyara babin. Yanzu jarumin na tsaye a zauren maƙwabci, kan tarho a kunne, baban yarinyar ne ya ɗauka.