Madatsar Ruwan Goronyo da Magudananta

Madatsar ruwan Goronyo tana kan Gulbin Rima, kusa da garin Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato. An kammala gina ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Ganuwarta ta ƙasa ce, mai tsawon kilomita 12.5 da tsayin mita 21, kuma tana iya tare ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita.

Magudanan Goronyo ne ke kai ruwan madatsar gona. Da su ne shirin noman rani na tsakiyar kwarin Rima yake shayar da fadamu, inda manoma ke shuka shinkafa, alkama, albasa da tafarnuwa bayan damina ta ɗauke. Albasa da tafarnuwar wannan kwari, har zuwa Wurno, su ne ake lodawa a manyan motoci zuwa kasuwannin kudu. Birnin Sakkwato ma ya dogara ƙwarai da ruwan da ake saki daga nan.

Madatsar ta ga jarrabawa. A 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasanta, dubban mutane suka rasa matsuguni. A 2018 kuma ruwanta ya ja baya matuƙa, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya taru a cikinta, abin da ya nuna cewa yashe ta ya zama wajibi.